Wasiƙa daga Jidda: Mu ma mu fara haɗa kai muna fita ganin ƙasar Allah

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne a waya daga nan Jidda, kullum bayan isha'i idan na rufe shago sai na leƙa naga me ke faruwa a gida. Yau dai nace bari nima in roƙi ɗan fili, akwai maganar da ta tsaya min a rai tun da muka dawo daga wata tafiyar buɗe ido da muka yi zuwa Malesiya, kuma inaga ta shafi Hausawan da ke nan Saudiyya da ma na gida baki ɗaya.

Malam Edita kai ma ka sani Bahaushe ba baƙon tafiya bane. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina, su ratsa Borno su ratsa Chadi su shiga Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, wani sai ya shekara biyar ko fi a hanya yana noma yana ɗinki kafin ya tsallako, da yawa daga ƴan'uwanmu da ke Shara Mansur a Makka jikokin waɗannan bayin Allah ne. Amma duba mana dalilan da ke fitar da mu daga gida har gobe, aikin Hajji da Umara, fatauci, asibiti, karatu, sai neman abinci. Shi kenan. Ka ce wa mutum zaka biya kuɗin jirgi don kawai kaje ka ga daji da dabbobi da yadda wasu suka gina garinsu, kallon da zai maka ma ya isa, wani ya ce almubazzaranci ne wani ya ce aikin Turawa ne. Ni kaina shekarata 19 a Jidda, in ka cire hanyar Makka da Madina da ɗan zaman da muke yi da yara a bakin teku ranar Juma'a da dare ban san ko'ina ba, daga shago sai gida.

Abin da ya buɗe min ido alhazan Malesiya ne. Duk wanda ke zuwa Harami ya san su, tafe suke a jere da ɗan ƙyalle kala ɗaya a wuya, jagoransu na gaba riƙe da tuta, ba hayaniya ba ture-ture, tsoho baya ɓata tsohuwa bata kwana a titi. Wani daga cikinsu da yake sayen turare a wajena shi ya bani labarin Tabung Haji, asusun da aka kafa musu tun 1963 mutum ya dinga tara kuɗin Hajjinsa kaɗan kaɗan. Sai nace a raina to mu me zai hana mu tara namu haka, mu je mu ga ƙasar mutanen nan da muke karɓa duk shekara. Na kai maganar majalisarmu, wasu suka ce babu ruwansu, wasu suka ce a gwada. Muka buɗe asusu kamar adashe amma ba mai ɗauka, riyal 500 kowane wata, muka yi wata 14 muna zubi a hannun wani dattijo da kowa ya yarda da amanarsa. A ƙarshe mu 16 muka tafi, maza 9 mata 7, akwai na Jidda akwai na Makka, babbanmu Baba Alhaji ya haura 70.

Maganar takardu zan taƙaita amma kar a raina ta. Mu masu koren fasfo sai mun nemi biza kafin mu shiga Malesiya, fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6, iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kar ta kasance a bakin ƙarewa, sannan a nemi kuruj da auda, wato izinin fita da dawowa, a manhajar gwamnati ta Abshir tun da wuri, in kana ƙarƙashin kafili ka zauna dashi ku gama magana kafin ka biya ko riyal ɗaya. Mutum biyu suka rasa tafiyar nan saboda iƙama, wlh har yanzu abin na damuna don sun yi zubi tun daga farko, kuɗinsu dai an mayar musu cif.

Jirgi daga Jidda zuwa Kuala Lumfur wajen awa 9 ne, kuma suna gabanmu da awa 5. Muna fita daga filin jirgi ruwa ya tsuge, irin ruwan watan Agusta na gida mai ƙamshin ƙasa, matan nan suka tsaya a bakin bas suna miƙa hannu suna taɓawa, wata Hajiya har da ƙwalla, tace rabonta da irin wannan ruwa tun tana budurwa a Zariya. Wanda bai zauna a Jidda ba bazai gane ba, nan fa sai a ci shekara ruwa bai sauka sau uku ba. Da muka shiga otal muka ga kibiya a jikin silin an rubuta kiblat, kuma yamma ta nuna. Baba Alhaji ya tsaya jim, yace shi tun da aka haife shi gabas yake kallo, a Kano gabas a Jidda gabas, yau gashi ya zagayo bayan Ka'aba. Da asuba a masallaci muka ji liman ya ɗaga murya da alƙunutu bayan ruku'u jama'a na amin, su Shafi'iyya ne, muka bi su lafiya lau. Abinci kuwa ba fargaba, tambarin halal na hukumarsu na nan a ƙofar gidajen abinci, kuma duk kasuwa duk tashar mai akwai ɗakin sallah da suke kira surau, mata da nasu ɓangaren har da hijabai a rataye.

Birnin mun zaga shi kwana 3. Tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, tsayinsu mita 452, daga 1998 zuwa 2004 ba ginin da ya kai su a duniya, mun hau har gadar da ta haɗa su. Mun je babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, da gidan adana kayan tarihin Musulunci da ke kusa dashi, wannan kam ya burge ni fiye da benayen, tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da ƙananan siffofin masallatan duniya har da na Harami biyu. Mun yi yini guda a Malaka, garin da Fotugal ta ci a 1511, Holan ta ƙwace a 1641, daga baya Ingila ta karɓa. Duk yayi kyau, amma wanda ke zaune kusa da benen agogo na Makka dogon gini ba zai ɗauke masa numfashi ba, gaskiya kenan.

A nan birnin ne kuma muka gamu da abin da ya ɓata min rai, kuma dole in faɗa don wasu su kiyaye. Kamfanin da muka biya, bazan kama suna ba, jagoran da suka haɗa mu dashi a birni kullum sai ya karkatar da bas zuwa wani shago, yau na cakulan gobe na jakunkunan fata jibi na maganin ƙarfin jiki, a rufe mu ciki kusan awa guda ana mana talla, alhali inda muka biya kuɗi don mu gani sai a ce minti 20 ku dawo mota. Daga baya muka gane lada yake samu a kan duk abin da muka saya. Sannan ya kai mu kogon Batu bai gaya mana tun a mota cewa wajen bautar Hindu bane, sai da muka sauka muka ga ƙaton gunki mai ruwan zinare a bakin matakala 272. Wasu cikinmu suka hau don ganin kogon dutsen, wasu suka ce sam, suka koma bas suka zauna cikin zafi ransu a ɓace. Da an faɗa tun farko kowa ya zaɓi abin da zuciyarsa ta natsu dashi ai da ba haka ba. Daren nan muka zauna mu maza muka kira ofishinsu, muka ce ko a daina kai mu shaguna ko a canza mana mutum. Aka daina. Da mutum ɗaya ne ko miji da mata ba wanda zai saurare su, amma mu 16 ne da murya ɗaya.

To Malam Edita ainihin abin da yasa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine kwana 4 da muka yi a tsibirin Borniyo, jihar Sabah. Tun a Jidda ejan ɗin ya so ya cire wannan ɓangaren, wai mutanenmu kasuwa suke so ba daji ba, muka ce a'a a bar shi. Daga Kuala Lumfur jirgi kusan awa 3 zuwa Sandakan, kuma ko da yake ƙasa ɗaya ce sai an sake duba fasfo an buga hatimi, don Sabah na da nata ikon shige da fice tun da ta shiga tarayyar a 1963. Can muka samu wani jagoran daban, ɗan yankin, saurayi Musulmi mai sanyin hali da ya tashi a bakin kogi, yana Turanci ɗaya daga cikin yaranmu na fassara mana.

Ya fara kai mu Sepilok, cibiyar da aka buɗe a 1964 don rainon marayun birin nan da ake kira orangutan, a koya musu hawa bishiya da neman abinci sannan a mayar dasu kurmi. Sunan ma da yarensu ne, orang mutum, hutan daji, wato mutumin daji. Duk duniya ba a samunsu a daji sai a Borniyo da Sumatara. Kafin mu shiga aka sa muka ajiye jakunkuna da ruwa da turare a akwatin ajiya, aka ce ba magana da ƙarfi. Muka bi wata gadar katako cikin kurmi, bishiyoyi dogaye har sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu, zufa na zuba kamar an watsa mana ruwa, ƙarar ƙwari kamar injin niƙa. Ƙarfe 10 ake ajiye musu ayaba da rake a kan wani dandamali, kuma jagoran ya gaya mana tun farko ba alkawari, ba keji bane, in sun samu ƴaƴan itace a daji ba zasu zo ba kuma hakan shi ake so. Muka tsaya shiru kusan minti 25 ba komai. Har na fara jin wasu na gunaguni a baya sai igiyar da ke sama ta fara rawa.

Uwa ce, jar gashi kamar an shafa mata lalle, tana tahowa a hankali hannu bayan hannu, ɗanta ƙanƙame a gefen cikinta. Ta sauka ta zauna, ta ɗauki ayaba ta ɓare da leɓe, ta gutsura ta miƙa wa ɗan a baki, shi kuma yana wasa da gashin haɓarta. Da ruwa ya fara yayyafi sai ta karyo wani faffaɗan ganye ta ɗora a kanta ta jawo ɗan ƙarƙashi. Wallahi ba wanda ya ce uffan. Hajiyar da ke kusa da matata, wadda ƴaƴanta 4 ke Kano shekara 6 bata gansu ba tana aikatau a nan, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Jagoran ya raɗa mana cewa uwar kan shekara 7 zuwa 8 kafin ta sake haihuwa, duk tsawon nan tana tare da ɗa guda tana koya masa wane ɗan itace ake ci, yaya ake saƙa gadon ganye a saman bishiya don kullum da yamma sai sun yi sabo. Shi yasa in aka kashe uwa ɗaya an yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba.

Daga nan mota awa 2 da wani abu zuwa kogin Kinabatangan, mai tsawon kilomita 560, mafi tsawo a Sabah. A hanya dama da hagu ba abin da kake gani sai gonakin kwakwar manja, layi layi har iya ganinka. Nan jikina yayi sanyi, don bishiyar nan asalinta daga Afirka ta Yamma take, tamu ce, Turawa suka kai ta can, sai a 1917 aka fara nomanta don kasuwa a Malesiya, a farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen manja, yau Malesiya da Indonesiya ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100. Amma jagoran bai ɓoye mana ɗaya gefen ba, yace waɗannan gonakin kurmi ne aka sare, dabbobin da zamu gani sun taru a bakin kogi ne saboda an matse su ba inda zasu je. Na ji daɗi da ya faɗa mana gaskiya bai tsaya tallar ƙasarsa kawai ba.

Bayan la'asar muka shiga kwale-kwale biyu masu inji, kowa da rigar kariya, ruwan ja kamar kunun kanwa. Anan na san amfanin jagora na gaske. Mu idonmu ganye kawai yake gani, shi sai ya ɗaga hannu direba ya kashe inji, ya nuna wani reshe, sai ka ga ashe iyali guda ne na birin nan mai dogon hanci da ƙaton tumbi wanda babu shi ko'ina sai Borniyo, namijin zaune hancinsa ya sauko har baki matansa da yara kewaye dashi, da yamma suke zuwa kwana a bishiyoyin bakin ruwa. Ya nuna mana kada kwance a taɓo, mu mun ɗauka gungume ne. Ya nuna mana wani babban tsuntsu mai ƙaho a saman baki, Baba Alhaji na gani yace ai wannan ɗan'uwan cilakowa ne da burtu, kuma haka ne, har ɗabi'arsa ɗaya da ta cilakowa, macen ta shige kogon bishiya a liƙe ƙofar a bar ƴar kafa namiji na kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Tsohon nan ya dinga bawa jagoran labarin yadda maharba a ƙasar Hausa ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe su kusanci namun daji, yaron ya buɗe baki yana saurare, ya zama shi ke tambaya. Giwayen Borniyo ƙanana kam bamu gansu ba, sawunsu da kashinsu kawai muka tarar a bakin gaɓa, kwana biyu muna nema Allah bai nufa ba.

Da magariba ta kawo jiki aka kashe injin duka biyu a tsakiyar kogi, sama tayi ja, hazo na tashi daga kan ruwa, jemagu na wucewa. Baba Alhaji ya karanto ayar nan ta 20 a Suratul Ankabut inda Allah ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, muryarsa na rawa. Yace shekara 50 yana karanta ta. Bayan duhu ya shiga sai ga wata bishiya ta kama walƙiya daga sama har ƙasa, maƙesu ne dubbai suna kunnawa suna kashewa.

Ba wai komai daɗi bane, a sani. Akwai sauro, akwai matsattsaku in an shiga kurmi da ƙafa bayan ruwa, sai an sa doguwar safa ta musamman, ɗaya ya kama matata a idon sawu jini ya daɗe bai tsaya ba. Masaukin bakin kogi na katako ne ba irin otal ɗin birni ba. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya faɗa tun farko a san yadda za a yi dashi, ya riƙo maganinsa a jakar hannu. Mu ma muna da namu laifin, sau biyu bas na jiran mutum uku da suka shige kasuwa, har muka rasa wani waje da aka riga aka biya. Duk wanda zai haɗa irin wannan tafiya ya sa a rubuta masa tsarin kowace rana a takarda, awa nawa a kowane waje, shago nawa za a shiga, abinci nawa ke cikin kuɗin, ina za a tsaya sallah, wane waje ne na bautar wasu, kuma jagoran daji ɗan yankin ne ko daga birni aka ɗauko shi. Ku naɗa amir a cikinku, ku naɗa mace guda da mata zasu dinga kai wa kukansu don akwai abin da Hajiya bazata faɗa wa namiji ba.

Kirana na farko ga masu kamfanonin tafiye-tafiye na Kano da Kaduna da Abuja, ƴan'uwa kun iya haɗa mutum 200 ku kawo Umara ku mayar, me ya hana ku haɗa mutum 20 ku kai su Yankari? Dajin nan na Bauchi tun 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, akwai giwaye akwai gwaggon biri akwai ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, a haɗa da kwana ɗaya a Kano a hau Dala a shiga kasuwar Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Ga Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, gandun daji mafi girma a Najeriya, ga tsaunin Mambila da gonakin shayinsa da sanyinsa. Na san za a ce tsaro, kuma gaskiya ne ba zan ce a kai mutane inda za a sace su ba, amma inda hanya ke da lafiya a fara mana, mu da ke waje in mun zo hutu da yaranmu da aka haifa a nan mu samu inda zamu kai su banda gidan biki da gidan gaisuwa. A horar da samarin ƙauyukan da ke kewaye su zama jagorori, ɗan maharbi ya fi kowa sanin sawun dabba, kamar dai yaron can na Kinabatangan da yake ci da iyayensa da wannan sana'a.

Na biyu ga ƴan'uwana mazauna nan Saudiyya da kuɗin jirgin Malesiya ya fi ƙarfinsu, kudu na nan kusa. Abha da dutsen Sauda mai tsayin kusan mita 3,000 inda hazo ke shiga har cikin mota, ƙauyen Rijal Alma da gidajensa na dutse, duwatsun Faifa da gonakin gahawa a Jizan, sannan tsibiran Farasan da ake shiga da jirgin ruwa daga Jizan, akwai barewa akwai tsuntsayen ruwa akwai kurmin da ke tsirowa cikin teku, a 2021 UNESCO ta sa su cikin wuraren da ake kare halittunsu. Birai kuwa ko a hanyar Hada ta Ɗa'ifa ka gansu zaune a bakin titi. Bas guda, iyalai 5 ko 6, kwana 4, ba biza ba kuruj da auda.

Mu dai mun riga mun sake buɗe asusun, wannan karon riyal 150 a wata don masu ƙaramin ƙarfi su samu shiga, in Allah ya kai mu sanyi Jizan da Farasan muka nufa, kuma mutum biyun nan da iƙama ta hana su wancan karon su muka fara rubutawa. Baba Alhaji yace a sa sunansa shi da jikokinsa biyu. Na gode Malam Edita da wannan fili, a gaida mutanen gida.

Naku,
wani ɗan'uwa mai sayar da turare,
Jidda, Saudiyya